Tafiyata Greifswald, Garin da Ake Tsare Wuta da Maganaɗisu

Jirgin ƙasan da ke zuwa Greifswald daga Berlin arewa yake dosa, ya ratsa Eberswalde da Prenzlau da Pasewalk da Anklam. Da zarar gidajen birni sun ƙare, sai fili shimfiɗe iya ganinka: gonaki, dazuzzuka, da manyan fankokin nan masu samar da lantarki suna juyi a hankali. Ba tudu ba dutse. Tafiyar ba ta kai awa uku ba, amma sanyin da ya tarbe mu a tasha ya nuna mana cewa mun matso bakin Tekun Baltik.

Tare nake da wani dattijo mutumin Maraɗi, injiniyan lantarki da ya daɗe yana aiki a Jamus. Alhaji muke ce masa, shi kuma Malam yake ce mini saboda koyar da kimiyyar fizis da na yi a gida kafin in zo ƙaro karatu. Ni na matsa masa ya rako ni. Tun a cikin jirgi ya kafa mini sharaɗi: "Malam, in ba za a nuna mini inda wayar wuta ta fito daga injin nan ba, to ni yawon shan iska na zo."

Garin ƙarami ne, na ɗalibai da kekuna. Jami'arsa tun 1456 take nan, tana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Tsakiyar gari akwai dandalin kasuwa da tsofaffin gidajen jan bulo masu tsinin kai, gadon zamanin da garin ke cikin ƙawancen fatake na Hansa. Ba mu daɗe a nan ba. Abin da ya kawo mu yana gefen gari, a wani gini mai rufi kamar igiyar ruwa, reshen Cibiyar Max Planck ta Nazarin Filasma, wanda aka buɗe a 1994. A cikinsa injin da ake kira Wendelstein 7-X yake, inda ake gwada tsare iska mai tsananin zafi da maganaɗisu, da fatan wata rana irinsa ya samar da lantarki ta hanyar haɗe cibiyoyin ƙwayoyin zarra. Suna karɓar baƙi in an nemi izini tun da wuri, kuma mun dace lokacin ana gyara ne, ba a kunna injin ba, don haka aka bar mu muka leƙa zauren da yake ciki.

Wata ɗaliba mai karatun digirin digirgir ce ta zagaya da mu. Kafin mu shiga sai ta tambaye mu ko mun san mene ne filasma. Alhaji ya ce shi dai ya san hasken da ke tashi a bakin sandar mai walda. Ta ce ai shi ke nan, ya sani.

Gaskiyarta. Kowace iska, ko haidurojin ce ko hiliyam ko agon, ƙwayoyin zarra ne, kowace da cibiya mai cajin fositif da ilektoron masu cajin negatif kewaye da ita. In aka dumama iskar ta wuce misali, ko aka ratsa ta da lantarki mai ƙarfi, ilektoron sai su ɓalle, cibiyar ta zauna da cajinta a fili, a kira ta ayon. Wannan gaurayen na ayon da ilektoron masu yawo sakaka shi ne filasma. Walƙiya filasma ce, rana da taurari ma haka. Iskar da ba ta kai wannan matsayi ba, maganaɗisu ba ya iya riƙe ta, ko ya kai ina wajen ƙarfi. Amma abu mai caji in yana gudu, maganaɗisu na karkatar da shi gefe. Ba ya ƙara masa sauri, ba ya rage masa, hanya kawai yake lanƙwasa masa, har ta koma zagaye. Sai ƙwayar ta riƙa nannaɗe layin ƙarfin maganaɗisun tana bin tsawonsa, kamar yadda yaɗon wake ke nannaɗe karan dawa yana hawa. Gaba da baya a kan layin hanya a buɗe take. Tsallakawa gefe zuwa wani layin ne mai wuya.

Tambayar da na ɗauko tun daga Berlin ita ce, in aka canja iskar me ke canjawa? A ɗakin gwaji na sha ganin bututun gilashi masu iska iri-iri, niyon na ba da ja mai ruwan lemo, agon shuɗi mai ruwan makuba, haidurojin ruwan hoda, kuma in ka matso da maganaɗisu sai zaren hasken ya kauce. Launin ya bambanta ƙwarai, amma kaucewar duk iri ɗaya take a ido. Ɗalibar ta ja mu gaban wani allo ta ce in manta da launi tukuna, launi labarin ilektoron ne da ke sauka daga mataki zuwa mataki a cikin ƙwayar zarra, ba ruwan maganaɗisu da shi. Abu biyu kawai maganaɗisu ke dubawa a jikin ƙwaya: nauyinta da cajinta.

A nan na fi daɗewa, har Alhaji ya fara duba agogo. A tsakiyar injin nan ƙarfin maganaɗisu yakan kai tesla 2.5. A wannan ƙarfin, ilektoron na zagaya layinsa sau biliyan 70 a daƙiƙa ɗaya. Furoton, wato cibiyar haidurojin, da yake ya fi ilektoron nauyi sau 1836, sau miliyan 38 kawai yake zagayawa. Ayon ɗin agon da ya rasa ilektoron guda, nauyinsa ya ninka na furoton sau 40, zagayensa ba ya cika miliyan ɗaya. Faɗin da'irar ma haka yake bin nauyi. A zafin digiri miliyan 10, tazarar furoton daga layinsa ba ta cika milimita 2 ba, ta ilektoron ta gaza haka kusan sau 43, ta agon kuma ta ninka ta furoton sau shida da ɗoriya. Mai nauyi da'irarsa faffaɗa ce, in ya yi karo da wani sai ya yi dogon tsalle gefe, ya fi saurin kusantar bango.

Hiliyam ce ta ba ni mamaki. Cibiyarta ta ninka furoton nauyi sau huɗu, amma cajinta biyu ne, maganaɗisu na jan ta da ƙarfi ninki biyu. In ka buga lissafin a zafi ɗaya, sai ka tarar faɗin da'irarta daidai yake da na furoton, ba ƙari ba ragi. Saurin zagayen ne kawai ya koma rabi, daidai da na dutiriyam, haidurojin mai nauyi. Shi ya sa take iya tsaya wa haidurojin a gwaje-gwaje da yawa. Na sha koyar da wannan ƙa'ida a aji da alli, amma ban taɓa saka lambobin hiliyam a ciki ba.

Daga nan muka shiga zauren. Wanda ya zo da tsammanin ganin wani abu mai sheƙi kamar a hoto zai sha mamaki, don injin a lulluɓe yake da bututu da wayoyi da matakala da na'urorin awo, da kyar ake gane cewa zobe ne. Faɗin tukunyar waje mita 16, nauyin injin tan 725. A ciki akwai kwayil 50, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke samar da maganaɗisun, masu murɗaɗɗiyar siffa, kowanne tsayinsa kimanin mita 3.5, nauyinsa wajen tan 6, da wasu 20 marasa murɗi da ake daidaita filin maganaɗisun da su. Wayar naɗin ta haɗin ƙarafan niyobiyam da titaniyam ce, ana sanyaya ta zuwa kusan digiri 270 ƙasa da sifiri har ta daina yi wa lantarki turjiya gaba ɗaya. Da me ake sanyaya ta? Da hiliyam ɗin nan dai, wadda ta zama ruwa. Wannan ne ya fara jan hankalin Alhaji. Ya tsaya yana tambayar yadda ake shigar da wutar da yadda ake kwashe ta in kwayil ya ɗumama ba shiri, suka yi ta yi da Jamusanci, ni ina gefe ina kallon ƙarfe.

Duk wannan tulin ƙarfe, abin da yake tsarewa iska ce da nauyinta bai wuce miligiram 5 zuwa 30 ba, a baje cikin fili mai girman kubik mita 30.

Dalilin murɗewar kwayil ɗin yana komawa ga bambancin caji. In ka lanƙwasa layukan maganaɗisu suka zama zobe don kada su sami baki, ƙarfin yakan fi yawa ta cikin zoben, ya ragu ta waje. Ƙwayar da ke zagaye sai ta riƙa jin ƙarfi a rabin da'irarta, sassauci a ɗaya rabin, da'irar ta ƙi rufewa daidai, ta fara zamewa. Ayon su zame sama, ilektoron su zame ƙasa. Rabuwarsu sai ta haifar da filin lantarki, shi kuma in ya haɗu da na maganaɗisu sai ya tura kowa waje, kuma wannan turin ba ya tambayar nauyi ko caji, da haidurojin da agon da ilektoron duk gudu ɗaya suke yi zuwa bango. Maganin shi ne a murɗe layukan, ƙwaya ta riƙa bi ta saman zoben tana komawa ƙasansa, zamewar ta riƙa soke kanta. Injin tokamak, wanda Igor Tamm da Andrei Sakharov suka yi tunaninsa a Tarayyar Sobiyet farkon shekarun 1950, yana murɗe layukan ne ta hanyar tura lantarki mai yawa cikin filasmar kanta, abin da ke sa ya riƙa aiki yana hutawa. Lyman Spitzer na Princeton a Amurka, a 1951, ya kawo dabarar istelareta, inda siffar injin ce ke yin murɗin. Na Greifswald istelareta ce. An daɗe ana yi wa irinta kallon ta baya, don ta fi zubar da zafi, sai da manyan kwamfutoci suka iya lissafa siffar kwayil da ke toshe wannan yoyo. An fara harhaɗa injin a 2005, aka gama a 2014.

Ranar 10 ga Disamba 2015 aka kunna filasmar farko a cikinsa, kuma da hiliyam aka fara. Kimanin miligiram ɗaya aka saka, aka buga mata maikurowef mai ƙarfi, irin igiyar da ke dumama abinci a murhun lantarki, ta kai digiri miliyan ɗaya, ta rayu kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sai ranar 3 ga Fabrairu 2016 aka shiga haidurojin, inda shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, wadda ita ma fizis ta karanta kuma a lokacin Greifswald na cikin mazaɓarta, ta danna maɓallin. Wannan ta kai digiri miliyan 80, ta yi rubu'in daƙiƙa. Zafin nan na ilektoron ne. Maikurowef ɗin injin an saita shi a kan zagaye biliyan 140 a daƙiƙa, ninki biyu na zagayen ilektoron, don haka su yake turawa kai tsaye ko wace iska ce a ciki. Ayon sai dai su sami rabonsu ta hanyar karo da ilektoron, suna biye a baya.

Na tambayi ɗalibar, to me ya sa aka fara da hiliyam, alhali ta fi kowace iska wuyar ƙwace wa ilektoron? Tana buƙatar ilektoron-bolt 24.6, haidurojin kuwa 13.6 kacal. Sai ta nuna bango. Ta ce matsalar haidurojin ba a cikin maganaɗisu take ba, a bango take. Da fari dai haidurojin bibbiyu take zuwa a manne, sai an raba su kafin a kai ga ƙwace ilektoron. Sannan tana son haɗuwa da komai. Fale-falen girafait da ke jikin tukunyar suna shanye ta, can kuma in sun yi zafi su amayar da ita lokacin da ba a nema ba, yawan filasmar ya kufce wa mai sarrafawa. Hiliyam ba ta haɗuwa da kowa. Ta bugi bango ta dawo, kuma a bugun nan takan kakkaɓo dattin da ya manne, famfo ya zuƙe shi. Wanke tukunya aka yi da ita kafin a ɗora girkin gaske.

Wannan amsa ita ce abin da na fi riƙewa daga tafiyar. A tsakiyar zoben, inda zafi ya tuɓe wa kowace ƙwaya ilektoron ɗinta, iska ba ta da wani hali sai nauyi da caji, kuma ko haske na ido ba ta bayarwa sosai, shi ya sa a hotunan cikin injin gefe ne ke ƙyalli, tsakiya kamar ba komai. A gefe kuwa, inda filasma ke gogar bango, kowace iska sai ta koma halinta na asali. Yawancin ciwon kan masu wannan aiki daga 'yan santimitocin nan na gefe yake fitowa.

Ga misalin oksijin. Ba wanda ke saka ta, daga danshin da ya laɓe a bango take fitowa. Ita da kabon suna da ilektoron da yawa, ba sa tuɓewa duka da wuri, kuma duk wanda ya rage a jikinsu hanya ce ta fitar da zafin filasma a matsayin haske. Kaɗan daga cikinsu ya isa ya sanyaya komai. A 2018 aka shafe cikin tukunyar da siririn rufi na boron, wanda ke kama oksijin ya riƙe, sai ga shi an iya kai filasma ga yawan da a da ba ta kaiwa. Abin dariya, wannan halin da ake gudu shi ake nema a wani wurin. Akwai faranti na musamman da aka shirya don zafin da ya tsere ya sauka a kansu, an gina su su jure megawat 10 a kan kowace murabba'in mita. Don a sauƙaƙa musu, da gangan ake fesa naitirojin ko niyon kaɗan a gefe, su kwashi zafin su watsa shi ko'ina a matsayin haske kafin ya taru wuri ɗaya. Naitirojin ta fi yin aikinta can bakin gefe inda ya fi sanyi, niyon kuwa takan kutsa ciki kaɗan, kuma da yake ita ma ba ta manne wa bango, takan daɗe tana kai da komo. In hannu ya zarce, filasmar ta mutu.

Akwai kuma wata magana da masanan kansu suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Dutiriyam ta ninka haidurojin nauyi sau biyu da caji iri ɗaya, da'irarta ta fi faɗi, don haka lissafi mai sauƙi cewa yake ya kamata ta fi zubar da zafi. Amma a injinan tokamak, irin su JET na Ingila da ASDEX na Jamus, akasin haka aka yi ta gani: dutiriyam ta fi riƙe zafi. Ana danganta abin da yadda nauyin ayon ke shafar hargitsin da ke tashi cikin filasma. Na ji daɗin wannan, don ya nuna cewa ƙa'idar da ke kan allo ta ƙwaya ɗaya ce tilo, taron ƙwayoyi kuwa yana da nasa hali.

Alhaji dai ya gaji da haƙuri. "Yarinya," in ji shi, sannan ya gyara zuwa Jamusancin girmamawa, "ina wutar?"

Ta yi dariya ta ce babu, kuma ba za a taɓa samu daga wannan injin ba. Tashar da ake mafarki za ta haɗa dutiriyam ne da tiritiyam, wata haidurojin da ta fi ta nauyi, cibiyoyinsu su haɗe su zama hiliyam da wata ƙwaya mai suna niyutiron. Niyutiron ba shi da caji, maganaɗisu ba ya ganinsa, sai ya fice da kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin ya faɗa bango, a dafa ruwa da zafinsa a juya injin lantarki. Hiliyam ɗin kuwa tana da caji, tana fitowa da gudu mai tsanani, dole filin ya riƙe ta har ta bar zafinta a ciki, sannan kuma dole a san yadda za a fitar da ita, in ba haka ba ta taru ta zama toka ta kashe wutar. JET ya yi irin wannan haɗin, a 2023 ya fitar da megajul 69 cikin kimanin daƙiƙa biyar daga makamashin da bai wuce miligiram 0.2 ba. Na Greifswald ba a saka masa tiritiyam. Burin aikinsa shi ne ya nuna cewa istelareta za ta iya riƙe filasma mai zafi na minti 30 ba yankewa. A Fabrairu 2023 ya yi minti takwas, ya sarrafa zafi mai yawan gigajul 1.3. A Mayu 2025 ya riƙe filasma mai inganci sosai na daƙiƙa 43, ana harba mata 'yan ƙanƙarar haidurojin daskararre ɗaya bayan ɗaya don kada makamashi ya yanke.

Da muka fito Alhaji ya ce, "Malam, sama da yuro biliyan ɗaya in ka haɗa gini da albashi, a ce ko ƙwan fitila bai kunna ba? Da wannan kuɗin garuruwa nawa za a sa wa sola?"

Na ce, "Alhaji, ranku ya daɗe, ai ba daga aljihu ɗaya kuɗin ke fita ba."

Ban musa masa duka ba. Wanda ke jiran wannan fasaha ta kawo masa wuta a shekarun nan kusa, zai daɗe yana jira, kuma masu tallata ta a jaridu sun fi masu aikin cika baki. Amma ban yarda cewa asara ce ba. An zana siffar fili a kwamfuta, an ƙera kwayil masu nauyin tan-tan bisa zanen, an auna, filin ya fito yadda aka zana, kuma yoyon da aka ce zai ragu ya ragu. A ganina wannan ya isa a kira shi aikin da ya biya.

Da la'asar muka bi gefen kogin Ryck zuwa Wieck, ƙauyen masunta da ke bakin ruwa, inda wata tsohuwar gadar katako ta 1887 take, wadda har yanzu ake ɗaga ta jiragen ruwa su wuce. Muka sayi burodi da kifi a ciki, abincin da Musulmi ke ci a nan ba sai ya yi dogon bincike ba. Gabas da nan kaɗan Lubmin take, inda tashar nukiliyar Jamus ta Gabas ta yi aiki har aka rufe ta a 1990.

A kan bencin ne Alhaji ya tuna mini cewa garin na da wata cibiyar filasma ta biyu, ta Leibniz, wadda ba mu samu shiga ba. Su filasma mai sanyi suke yi. Daga aikinsu aka samar da wata na'ura mai kamar alƙalami, kINPen, da ke fesa siririyar filasmar agon a kan gyambon da ya ƙi warkewa, ta kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ƙona fata ba. A irin wannan filasmar ƙwayoyi kaɗan ne suka rasa ilektoron, sauran iska ce zalla, karo ya yi yawa har ƙwaya ba ta samun sukunin kammala zagaye ɗaya, don haka maganaɗisu ba shi da ta cewa sosai. Tsakanin wannan da ta cikin zoben akwai ta masana'antu, wadda ake shafa wa gilashi da kayan lantarki siririn rufin ƙarfe da ita. A can iskar agon ce kaɗan a cikin tukunya, da maganaɗisu mara ƙarfi a bayan farantin ƙarfe. Ƙarfinsa ya isa ya tsare ilektoron kusa da farantin su yi ta ƙwace wa agon nata, amma bai isa ya lanƙwasa ayon ɗin agon ba, sai su tafi miƙe su doki farantin su ɓantaro ƙwayoyinsa. Nauyin da ya sa agon ba ta da amfani a injin da muka gani, shi ake saye a wannan sana'ar.

Alhaji ya ce wannan kam ya gane ta, don aƙalla ana iya rubuta mata rasit. Ya naɗe takardar kifinsa, ya ce in tashi mu nemi inda za mu yi salla kafin jirgin yamma.